Hutun bakin teku a Kribi: yadda za ka shirya, inda za ka sauka, da yadda za ka raba kwanakinka

Kribi gari ne a kudancin Kamaru, a bakin Tekun Atlantika, daidai inda kogin Kienke yake zubewa cikin teku. Bai kai Duwala girma ba, kuma ya wuce a kira shi ƙauye. Abin da ya fito da sunansa shi ne rairayin gaɓarsa mai haske da laushi, da itatuwan kwakwa da suka jeru a bakin ruwa, sai kuma kifi. Nan mutanen Duwala da Yawunde suke gudowa ƙarshen mako su sha iska.

Babban amfanin garin ga baƙo shi ne duk wuraren da ake zuwa gani suna kan gaɓa ɗaya, wasu arewa da gari, wasu kudu. Ba sai ka yi ta jan jaka daga wannan otal zuwa wancan ba. Ka kama ɗaki ɗaya, ka ajiye kayanka, kullum ka fita da safe ka dawo kafin magariba. A kan wannan tsarin aka gina duk abin da zai biyo baya.

Mataki na farko: zaɓi wata

Wanda ya saba da damina ɗaya da rani ɗaya sai ya sake lissafi. Kribi na kusa da layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu, kuma ruwan da ake yi a can a shekara yakan kusa milimita 3,000, wato fiye da ninki uku na abin da Kano take samu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu: sama a washe, hanyoyin ƙauye a bushe. Daga Maris zuwa Yuni ana ruwa, amma yana barin rana ta fito. Yuli da Agusta ruwan kan ɗan lafa, sai dai gari yakan wuni da gajimare. Satumba da Oktoba kuwa su ne tsakiyar babbar damina. Idan ba wani dalili ne ya kai ka ba, ka bar su.

Akwai wani lissafin bayan na ruwan sama, shi ne na cinkoso. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara garin cika yake yi, kuɗin ɗaki ya tashi, kiɗa ya kwana yana tashi a bakin ruwa. Haka ma ranakun Juma'a zuwa Lahadi, ko da yake ba su kai na ƙarshen shekara ba. A ganina, mai iyali ya nufi tsakiyar Janairu ko Fabrairu, ya isa ranar Litinin ko Talata. Zai sami ɗaki da rahusa, kuma zai tarar da gaɓa kusan ba kowa. Kwana huɗu ko biyar sun isa a ga abin da ke kusa. Wanda yake son zuwa Ebodje, ƙauyen kunkurun teku, ko gandun daji ya ƙara biyu.

Mataki na biyu: takardu da kuɗi

Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka kada ka ɗauka dokar shiga Kwatano ko Lome ce za ta yi maka aiki. 'Yan Najeriya suna shiga ba biza don gajeren zama saboda yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu, haka ma 'yan Cadi da sauran ƙasashen ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya. Ɗan Nijar ko ɗan Gana yana bukatar biza, kuma tun 2023 ta intanet ake cike takardar nemanta. Ko ma daga ina kake, ka tuntuɓi ofishin jakadancin Kamaru kafin ka sayi tikiti, ka tabbata fasfonka bai kusa ƙarewa ba, kuma ka riƙe katin rigakafin cutar shawara, mai launin rawaya. Ana tambayarsa a filin jirgi da kan iyaka. A kan hanya ma akwai shingayen jandarma da 'yan sanda, don haka takardunka su zauna a aljihu, ba a ƙasan jakar da aka ɗaure a saman mota ba.

Kuɗin ƙasar sefa ce, amma ba irin ta Nijar ba. Darajarsu ɗaya, dukkansu an ɗaure su da yuro a kan 655.957, sai dai takardun daban ne, kuma mai sayar da kifi a Kribi ba za ta karɓi ta Yamai ba. Ka canza kuɗinka tun a Garwa, Ngaundere, Duwala ko unguwar Birikitari ta Yawunde, inda Hausawa suke da yawa. Kada ka sa rai za ka sami mai canjin naira cikin sauƙi a Kribi. Sannan ka nemi ƙananan takardu, na 500 da 1,000 da 2,000. Rashin canji matsala ce ta kullum a Kamaru: ka miƙa wa ɗan acaɓa takardar 10,000 sai ku tsaya kuna kallon juna.

Da ka shiga ƙasar ka sayi layin MTN ko Orange da fasfonka, ka sa a buɗe maka asusun kuɗi na waya. Otal-otal da shaguna da yawa suna karɓa. Ka kuma sayi abin haɗa caja, domin soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, ba mai ƙafa uku na Najeriya ba.

Mataki na uku: hanya

Ko daga Duwala ka fito ko daga Yawunde, ƙarshenta ta garin Edeya za ka bi. Nan hanyar Kribi ta rabu da babban titin Duwala zuwa Yawunde, kusa da kogin Sanaga, ta yi kudu cikin gonakin kwakwar manja da daji. Daga Duwala tafiyar wajen awa uku ce, kuma fita daga cunkoson birnin shi ke cin kaso mai yawa a ciki. Daga Yawunde ka ƙiyasta awa huɗu zuwa biyar. Kamfanonin motocin suna unguwar Mvan. Akwai manyan bas masu sanyi da suke tashi a kan lokaci, akwai kuma waɗanda sai sun cika. Ka biya na farkon, bambancin kuɗin bai kai wahalar ba. Kuma ka yi tafiyar da rana. Titin Duwala zuwa Yawunde cike yake da tireloli da motocin katako, ba wurin tafiyar dare ba ne.

Mai zuwa ta jirgin sama ya sauka Duwala, ya fi kusa. Mai zuwa ta ƙasa daga arewacin Najeriya kuwa yakan tsallaka ta wajen Yola ko Mubi zuwa Garwa, daga nan ya hau mota zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare. 'Yan Cadi suna iya biyowa ta Mundu da Tuboro su faɗo Ngaundere ɗin. Jirgin ƙasa na Camrail yana tashi da yamma, ya kwana yana tafiyar sama da kilomita 600, ya isa Yawunde washegari da hantsi. Akwai ɗakunan kwana masu gado biyu da masu gado huɗu, kuma suna ƙarewa da wuri, don haka a sayi tikiti kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Idan jirgin ya isa a kan kari, za ka iya wucewa Mvan kai tsaye ka yi sallar magariba a Kribi. Idan ya makara, ka kwana a Birikitari, ka ci tsire, da safe ka kama hanya.

Hanya biyu ce ba na ba da shawarar a bi don yawon hutu: ta Ikom zuwa Mamfe, saboda rikicin yankunan masu magana da Ingilishi da aka fara tun 2016, da ta Banki zuwa Mora a arewa mai nisa, saboda matsalar tsaro. Kribi kanta tana yankin Kudu, ba ta cikin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mataki na huɗu: masauki

A nan ne hutu yake gyaruwa ko ya lalace. Masaukan Kribi sun kasu kusan gida uku. Akwai na cikin gari, kusa da kasuwa da tasha da masallaci. Sun fi araha, amma sai ka hau babur kafin ka taka rairayi, kuma waɗanda suke kusa da mahaɗar Kingue ba sa barin mutum ya yi barci, domin nan ne mashaya suka taru. Akwai na gefen Ngoye, gaɓar da ke arewacin gari, inda jama'a suka fi taruwa da yamma. Sai kuma waɗanda suka jeru a kan hanyar kudu, wadda ta nufi kogin Lobe, inda ƙofar ɗakinka take buɗewa ga teku kai tsaye. Waɗannan sun fi tsada kuma sun fi shiru.

Mai tafiya shi kaɗai ko da abokai, cikin gari ya ishe shi. Mai iyali ya duba gidajen haya masu kayan ɗaki da ake bayarwa na kwanaki, suna da yawa a Kribi. Za a sami kicin, uwargida ta dafa abin da yara suka saba ci, a shanya kaya, a yi sallah a falo ba takura.

Kada ka biya kuɗin kwana biyar ta waya saboda hoton da ka gani a Facebook. Ka biya na dare ɗaya, ka je ka gani da idonka. Ka buɗe famfon banɗaki ka ga ko ruwa na zuwa da ƙarfi. Ka tambaya ko akwai janareta, da ƙarfe nawa ake kunna shi, domin ana ɗauke wuta duk da tashar lantarki mai aiki da gas da aka buɗe kusa da garin a 2013. Ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ko fanka, ka duba ragar taga, ka shinshina katifa, saboda laimar bakin teku tana sa ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba ya yi warin ruma. Sannan ka tambayi mai gadi, ba mai karɓar baƙi ba, ko ana kiɗa da dare a kusa. In wuri ya yi maka, sai ka nemi ragi a kan sauran kwanakin. A tsakiyar mako da wuya a hana ka.

Tun ranar farko ka sami ɗan acaɓa ko direban tasi ɗaya da ka yarda da shi, ka karɓi lambarsa. Shi zai riƙa kai ka yana dawo da kai, kuma kowace fita a gama maganar kuɗi kafin a tashi, a fayyace ko kuɗin zuwa ne kaɗai ko har da jira da dawowa. Faransanci ne harshen gari. Idan ba ka ji, ka rubuta lamba a wayarka ka nuna, shi ma ya rubuta tasa. A kasuwa za ka haɗu da 'yan arewa masu jin Hausa da Fulatanci, musamman mahauta da masu tsire da masu shaguna. Su ne za su nuna maka masallacin Juma'a da inda ake sayar da naman da aka yanka yadda ya kamata.

Mataki na biyar: ka san teku kafin ka shige ta

Wannan shi ne sashen da na fi so mai karatu ya riƙe. Yawancinmu ba mu tashi a bakin teku ba, kuma wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a dam bai san halin wannan ruwan ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. A yawancin gaɓar Kribi babu masu aikin ceto da ke zaune suna kallo.

Ranar farko kada ka shiga. Ka zauna a inuwa ka yi kallo na kamar rabin awa. Za ka lura igiyar ruwa ba ta zuwa daidai: ƙanana za su zo a jere, sai manya biyu ko uku su biyo baya. Za ka ga kuma ruwan yana cikowa yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, ta yadda inda ka shimfiɗa tabarma da safe zai iya zama cikin ruwa da azahar. Ka duba inda 'yan gari suke wanka, ka tambayi masunta ko ma'aikatan masaukinka ina ne ba a shiga.

Abin da ya fi cin mutane shi ne wata siririyar hanya da ruwan da igiya ta kawo yake bi ya koma ciki da ƙarfi. Yaudararta ita ce wurin ya fi ko'ina kama da lafiya. Hagu da dama igiya na fashewa da farin kumfa, amma a tsakiya akwai wani fili da ya yi luf, ruwansa ya fi duhu ko ya gurɓace da yashi, kuma in ka ƙura ido za ka ga ganye ko kumfa suna tafiya ciki maimakon su fito. Baƙo yana ganin wurin sai ya ce ga inda ya dace da yara. To nan ne ba a shiga. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, ƙarfinsa ne zai ƙare. Ya kwanta a kan ruwa ya huta, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi, in ya iya iyo ya yi gefe, a jere da gaɓa, har ya fita daga hanyar, sannan ya bar igiya ta taimaka masa ya fito. Wanda yake waje kuma, in bai ƙware ba, kada ya faɗa ceto. Ya yi kururuwa ya kira masunta, ya jefa jarka ko wani abu mai yawo a kan ruwa.

Wanda bai iya iyo ba ya tsaya iya gwiwa, kuma kada ya juya wa teku baya, ko don hoto. A guji bakin kogi, inda Kienke ko Lobe suke haɗuwa da teku, da wuraren da duwatsu suka fito. Yaro ya kasance inda hannunka zai kai gare shi, ba inda idonka kawai yake ganinsa ba. Bayan faɗuwar rana ba wanka.

Sai maganar tufafi. Doguwar riga, zani da dogon hijabi suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa, kuma igiya ɗaya ta isa ta kayar da mutum. Matan da suke son shiga ruwa cikin sutura su sa dogon wando da riga mai dogon hannu wadda ba ta da yalwa sosai, da ɗan ƙaramin hijabi da ya kama kai. Lokacin da ya fi musu daɗi shi ne bayan asuba zuwa ƙarfe tara, a gaɓar kudu, kafin jama'a su fito. Da yammacin Asabar da Lahadi kuwa shigar mutane a Ngoye irin ta bakin teku ce, kuma ana shan giya a fili. Wanda hakan zai dame shi ya san lokacin da zai fito.

Gaɓar Kribi yamma take kallo, don haka rana cikin teku take faɗuwa, tsakanin shida da bakwai saura duk shekara, kuma duhu yana rufewa da sauri. Wannan ya sauƙaƙa gane alƙibla: ka ba teku baya, ka karkata hagu zuwa arewa maso gabas. Ruwan teku kuma yana halatta a yi alwala da shi, in sallah ta riske ka a gaɓa. Agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar.

Mataki na shida: cin kifi a matsayar masunta

A unguwar Mboa Manga, bakin kogin Kienke, akwai matsayar kwale-kwalen masunta da kowa ke kira Debarkader, wadda aka gyara da tallafin Japan. Ranakun Laraba da Asabar ne kifi ya fi sauka. Tsarin wurin mai sauƙi ne: ka sayi ɗanyen kifinka a gefe ɗaya, ka kai wa matan da suke gashi a ɗaya gefen, ka biya ladan gashi da na abin haɗawa, ka zauna a benci ka jira.

Da ka sauka daga babur samari za su taso, kowa na son ya zama ɗan rakiyarka. Ba laifi ka ɗauki ɗaya, amma ka sani ladansa yana cikin farashin da za a faɗa maka. Ka fara zagaya wurin sau ɗaya ba ka taya komai ba, ka ji abin da 'yan gari suke biya. In ka tsaya gaban tire, ka ɗaga marfin kunnen kifin: cikin ya zama ja jawur, ba ruwan kasa ba. Idon ya zama a fito, garau. Ka danna gefensa da yatsa, naman ya dawo, kada ramin yatsan ya zauna. Za ka ji sunayen Faransanci, bar da sole da capitaine, ga kuma jatan lande da ƙaguwa. Wanda bai san su ba ya fara da bar, namansa fari ne kuma ƙayarsa ba ta da yawa.

Mai gashin za ta kankare shi, ta tsattsaga gefensa da wuƙa, ta cusa niƙaƙƙen haɗi na tafarnuwa, citta, albasa da kayan ƙanshin daji, ta ɗora a kan waya bisa garwashi tana shafa mai tana juyawa. Ka ba shi minti talatin zuwa arba'in. Za a kawo shi da soyayyar agada, ko da miyondo, wato rogon da aka jiƙa aka niƙa aka naɗe a ganye siriri aka dafa. Yana da ɗan tsami, kuma sai an ci sau biyu ake sabawa da shi. Barkonon da ake ajiyewa a gefe ka fara taɓa shi da kan yatsa. Abu biyu za ka kiyaye: ka gama maganar ladan gashi kafin kifi ya hau wuta, kuma ka gane kifinka, kada ƙarami ya dawo a madadin babba.

Abincin teku bai da matsala ga Musulmi a mazhabar Malikiyya, har da jatan lande da ƙaguwa. Inda za ka sa ido shi ne gidajen abinci na otal, inda wasu suke zuba giya a miya, da rumfunan da ake gasa naman alade ko naman daji a waya ɗaya da kifi. Tambaya ba ta da tsada. Ruwan sha kuwa na gora, kamar Tangui, a rufe.

Mataki na bakwai: fita da dawowa

Ka fara da cikin gari, rabin yini ya isa. A bakin kogi akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, da tsohuwar cocin Katolika da ta samo asali tun 1891, lokacin da Kribi take tashar fitar da roba da hauren giwa. A wannan kewayen akwai gine-ginen gwamnati da sojoji ke gadi, don haka ka tambaya kafin ka ɗaga waya. Haka dokar take ga barikoki, gadoji da tashar jiragen ruwa.

Rana ta biyu ka ba wa Lobe, kilomita 7 kudu da gari. Nan ne kogi yake faɗowa daga kan duwatsu, tsayin kusan mita 20, kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake samunsa ba a duniya. Tun 2006 wurin yake cikin jerin wuraren da Kamaru ta gabatar wa hukumar UNESCO don a sa su cikin wuraren gado na duniya. Ga ƙabilun Batanga da Mabi wuri ne na al'ada da suke girmamawa. Ka je da safe. Masu kwale-kwale za su kai ka gindin ruwan har feshinsa ya jiƙa ka. Kada ka hau sai da rigar ceto, kuma wayarka ta shiga leda. A kan rairayin akwai rumfunan da suke soya jatan landen kogin da tafarnuwa. Ka ba da oda kafin ka hau kwale-kwale, ka dawo ka tarar an gama.

Za a kuma yi maka tayin shiga kogin ta sama, cikin daji, zuwa zangon mutanen Bagyeli, mafarautan da suka daɗe a wannan dajin. Tafiyar kanta tana da daɗi, ruwa shiru, itatuwa sun rufe sama. Ziyarar ce nake da ja a kanta. Sau da yawa shiri ne da aka yi don baƙi, kuma kaɗan ne daga kuɗin yake isa hannun mutanen. In za ka je, ka gaishe su kamar yadda za ka gai da masu gida, ka nemi izini kafin hoto, abin da za ka bayar kuma ka sa a hannunsu.

Gaba da Lobe kaɗan akwai Grand Batanga, gaɓa mai tsawo da ba cinkoso, wadda ta dace da yinin da ba a son yin komai. Garin Sarki Madola ne, wanda Jamusawa suka kashe a 1914. A lokacin yaƙin duniya na farko an kwashe Batanga daga gaɓarsu, suka dawo a 1916, kuma har yau suna bikin tunawa da dawowar a ranakun 14 ga Fabrairu da 9 ga Mayu, da raye-raye da shiga teku. Wanda tafiyarsa ta dace da ɗaya daga ciki ya kama ɗaki da wuri.

Ta arewa kuma akwai Londji, ƙauyen masunta a cikin wani lungun teku inda ruwa ya fi kwanciya. Nan ya fi dacewa da masu ƙananan yara, kuma nan za ka ga yadda ake banda kifi.

Ebodje yana da nisan kusan kilomita 50 kudu, a kan hanyar Campo. Ƙauye ne da ya shahara da kare kunkurun teku, waɗanda suke fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wannan ita ce fita ɗaya da ta cancanci ka kwana a waje, tunda da dare ake ganinsu, tare da ɗan rakiya daga ƙauyen, ba tocila mai haske, ba taɓawa. A hanya za ka wuce sabuwar tashar manyan jiragen ruwa ta Mboro, wadda ta fara aiki a 2018 ta kuma cika yankin da manyan motoci. Fitilun da za ka riƙa hangowa can cikin teku da dare na jiragen mai da gas ne: bututun da ya taso daga Doba a Cadi, mai tsawon kilomita 1,070, a nan ya ƙare tun 2003. Gandun dajin Campo Ma'an, mai giwaye da gwaggon biri, yana can gaba, amma shi tafiya ce ta daban mai bukatar mota mai ƙarfi da izini da jagora. Kada ka cusa shi cikin hutun kwana biyar.

Tsakanin kowace fita biyu ka bar yini guda ba shiri. Zafin can bai kai na Sakkwato ba, amma gumi ba ya bushewa, kuma jiki yana gajiya da wuri. Ka ɗauki kaya marasa nauyi na auduga, fiye da yadda kake zato, domin wanki yakan kwana biyu bai bushe ba. Sauro na nan duk shekara: a kwana cikin gidan sauro, a shafa maganinsa da yamma, wanda kuma zai taimaka da ƙananan ƙudajen rairayi masu cizo. Zazzaɓi in ya zo, a je asibiti a yi gwaji a ranar.

Mataki na ƙarshe: komawa

Ka sayi tikitin mota tun ana gobe, ka zaɓi ta safe, kuma ka kauce wa yammacin Lahadi, lokacin da duk 'yan Duwala da Yawunde suke komawa a lokaci ɗaya. Idan jirgin sama za ka hau a Duwala, ko jirgin ƙasan yamma a Yawunde, ka bar tazarar awa uku ko huɗu a kan lissafinka, domin tirela ɗaya da ta faɗi a hanyar Edeya tana iya tsayar da kowa. Tsarabar da take jure tafiya ita ce busasshen jatan lande da bandar kifi. A naɗe su a takarda kafin leda, a sa su a jaka daban da tufafi. Sefar da ta rage maka ka canza ta a Duwala, Yawunde, Garwa ko kan iyaka, amma ka bar 'yan ƙananan takardu a aljihu don ruwa da abinci a hanya.